Jinyar bakwaini a Maraɗi: abin da makon haihuwa da sa'arta suke yankewa

A gidanmu, kamar yawancin gidajen Maraɗi, mai cikin fari tana komawa wajen iyayenta goyon ciki idan ciki ya kai wata bakwai, kuma wannan al'ada ce ta sa nake kusa da ƙanwata a daren da faya ta fashe mata, cikin sanyin Disamba, alhali bisa lissafin kowa saura mata wajen wata biyu. Ni malamar makaranta ce, ba ma'aikaciyar lafiya ba, amma ni aka ɗora wa zaman jinya tun daga wannan dare har ranar da aka sallame mu. Abin da zan bayyana shi ne yadda abubuwa suka bi da bi, da kuma dalilin da ya sa na fito da yaƙinin cewa rayuwar jaririn da aka haifa cikin haɗari ta rataya ƙwarai a kan lokaci: makon da ya fito, sa'ar da ya fito, da abin da aka yi a sa'o'in da suka gabaci fitowarsa.

Ta fara jin ruwa yana zuba tun bayan isha, amma kunyar cikin fari ta hana ta faɗa, sai da dare ya raba sannan ta tashe ni. Babu ciwon naƙuda, babu jini, saboda haka Inna ta ga babu abin da zai sa a fita da mai ciki cikin hunturu da tsakar dare, ta ce a bari gari ya waye. Ba sakaci ne ya sa ta faɗi haka ba, domin ta haifi mu duka a ɗakinta, kuma a saninta naƙuda ce ke kai mace asibiti, ba ruwa ba. Abin da ya rinjaye ta shi ne littafin awo. Ƙanwata ta yi hoton ciki, wato eko, tun cikin yana wata uku, an rubuta ranar da ake sa ran haihuwa, kuma da na ƙirga sai na ga cikin bai wuce mako 31 ba. A wurin awo an sha gaya musu cewa zubar ruwa, ko jini, ko matsanancin ciwon kai da kumburi, ba a jiran safiya da su. Muka buga wa wani maƙwabci mai adaidaita, muka nufi CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarmu.

Ungozomar da ke aikin dare ta saurari bugun zuciyar ɗan, ta auna jini da zafin jiki, ta duba littafin awo, sa'an nan ta ɗauko takardar turawa ba tare da ta tsaya dogon bincike ba. Na tambaye ta ko ba za a iya kwantar da ita nan ba zuwa safe, tunda naƙuda ba ta fara ba. Ta ce: "Malama, ku tafi da shi tun yana ciki. Idan ya fito a hannuna ba ni da iskar da zan sa masa, kuma babu motar da ke ɗaukar bakwaini lafiya kamar cikin uwarsa." Daga baya na gane cewa wannan shawara ita ce mafi nauyi a duk abin da aka yi mana.

A babban asibitin da aka tura mu, tambayar farko da lokotoro ya yi ita ce makon cikin, ba watansa ba. Mu a gida wata muke ƙirgawa, kuma duk ɗan da ya zo kafin lokaci bakwaini muke ce masa, amma su mako suke ƙirgawa domin kowane mako yana da nasa hukunci. Ciki yana cika ne a wajen mako 40, kuma duk haihuwar da ta zo kafin mako 37 haihuwa ce kafin lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba ta uku: ƙasa da mako 28, daga 28 zuwa 32, da kuma daga 32 zuwa 37. Ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai miliyan 13 da dubu 400 kafin lokaci, wato kimanin ɗaya cikin kowane goma. Ta kuma bayyana cewa a ƙasashe matalauta rabin waɗanda aka haifa a mako 32 ko ƙasa da haka suna mutuwa saboda rashin abubuwa masu sauƙi, kamar ɗumi da taimakon shayarwa da maganin ƙwayoyin cuta da na numfashi, alhali a ƙasashe masu arziki kusan dukkansu suna rayuwa. Ɗiyarmu tana cikin rukuni na tsakiya, na mako 28 zuwa 32, inda abin da aka yi ko aka bari yake da tasiri mafi girma.

Akwai wata magana da tsofaffinmu suke yi, wadda na ji fiye da sau ɗaya a bakin masu zuwa dubiya, cewa ɗan wata bakwai yana rayuwa amma ɗan wata takwas ba ya rayuwa. Da ita aka yi ta ba mu haƙuri, kuma na san da kyakkyawar niyya ake faɗinta, sai dai ba gaskiya ba ce. Duk makon da ɗa ya ƙara a ciki ƙarin ƙarfi ne gare shi, musamman ga huhu, wanda yake cikin gaɓoɓin da suke makara wajen nuna. Huhun jariri yana bukatar wani ruwa mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iska manne wa juna bayan kowace fitar numfashi, kuma jiki ba ya samar da isasshensa sai wajen mako 34 zuwa sama. Wanda ya fito kafin haka yana iya yin kuka da farko, sa'an nan bayan 'yan sa'o'i ya shiga nishi, haƙarƙarinsa na lotsawa, har ya gaji.

Saboda wannan huhu ne aka yi wa ƙanwata allurar deksametazon tun kafin asuba. Allura huɗu ce, ana yin kowace bayan sa'a 12, kuma aikinta shi ne ta ratsa ta jinin uwa ta gaggauta nunar huhun ɗan. Ana ba da ita ga matan da ake tsoron za su haihu tsakanin mako 24 da 34, kuma wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a asibitocin Najeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangladash, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa tana rage mutuwar irin waɗannan jarirai a ƙasashe irin namu. Allura ce mai araha, amma tana bukatar lokaci kafin ta yi aiki, kuma matar da ta iso asibiti kan ɗa yana bakin fita ta riga ta rasa amfaninta. An haɗa mata da maganin ƙwayoyin cuta, tunda jakar ruwa ta buɗe kuma cuta na iya hawa, kuma da ciwon mara ya fara tasowa washegari aka ba ta ƙwayar da ke lafar da naƙuda na ɗan lokaci, ba don a hana haihuwa ba, sai don allurar ta samu ta cika.

Wannan zaman jira shi ne ya fi ba ni wahala da dangi. A ganinsu an kwantar da yarinya ba a yi mata komai, ruwa na zuba, ɗa zai bushe a ciki. Surukarta ta zo da safe ta ce mini: "Ke da kika yi boko, ki gaya musu su yi mata allurar naƙuda ta huta mana." Na ce: "Hajiya, jinkirin nan shi ne maganin, a yi haƙuri a bar su." Ba ta gamsu ba, amma ta yi shiru, kuma na gode mata da wannan shirun. Ma'aikata kuwa suna auna zafin jikin uwa da bugun zuciyar ɗa a kai a kai, domin da zazzaɓi ya taso ko ruwan ya canza wari, da an daina jira an fitar da ɗan nan take. Jinkirin yana da iyaka, kuma su ne suka san iyakar.

Naƙuda ta kankama bayan an gama allura ta huɗu, kuma ta haihu da hantsi a ranar aiki. Wannan ba dabararmu ba ce, rabo ne, amma na ga abin da rabon ya ƙunsa. A ɗakin haihuwa akwai ungozoma fiye da ɗaya, an riga an sanar da sashen jarirai, ma'aikaciyarsu ta zo ta tsaya da zannuwa masu ɗumi da 'yar jakar hura iska, lokotoron yara yana cikin asibiti yana zagaye, ɗakin gwajin jini a buɗe. Yarinya ce, kilo ɗaya da rabi, kuma ba ta yi kuka ba. Aka tsane ta, aka goga bayanta, da ba ta motsa ba aka ɗora mata abin hura iska a hanci da baki, aka yi ta matsawa har ta ja numfashi ta yi wani siririn kuka. Ma'aikatan jarirai suna da ƙa'idar cewa jaririn da bai yi numfashi da kansa ba dole a fara hura masa iska cikin minti ɗaya na farko, domin ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska. Aikin ba ya bukatar wutar lantarki ko na'ura mai tsada, amma yana bukatar mutum guda wanda hannunsa ba ya kan uwa. Idan ungozoma ɗaya ce a ɗaki, uwa na zubar da jini, ɗa bai yi kuka ba, to dole ta zaɓi wanda za ta fara juyawa gare shi.

Da na zauna a sashen jarirai na ga dare da rana suna bi da bi, sai na fahimci cewa asibiti ɗaya ne amma ba aiki ɗaya ake yi a cikinsa ba. Da rana akwai manyan ma'aikata da ɗalibai masu koyon aiki, kowane gado yana da mai leƙa shi. Da dare mutum biyu ko uku ne ke riƙe da ɗakin gaba ɗaya, lokotoro sai an kira shi, kuma ko da yake tun 2006 jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a Nijar, abin da ya ƙare a ɗakin magani sai an fita an saya, da dare kuwa sai an nemo farmasin da ke gadi a wannan mako, wanda yana iya kasancewa a wancan gefen gari. Ban ga wanda ya yi barci ya bar aikinsa ba. Abin da na gani shi ne hannuwa kaɗan a kan gadaje masu yawa. Kuma jarirai ba sa la'akari da jadawalin ma'aikata, domin naƙudar da ta zo da kanta ta fi saukowa tsakanin tsakar dare da asuba.

Wannan bambanci ba namu ba ne mu kaɗai. A Sikotilan ta ƙasar Birtaniya an bi bayanan haihuwa fiye da miliyan ɗaya daga 1985 zuwa 2004, na jariran da cikinsu ya cika, aka wallafa sakamakon a 2010. An samu cewa cikin kowane 10,000 da aka haifa a lokacin aiki, wato da rana daga Litinin zuwa Juma'a, kimanin 4 ne suka mutu a makonnin farko, amma cikin waɗanda aka haifa da dare ko a ƙarshen mako adadin ya kai tsakanin 5 da 6, kuma yawancin ƙarin ya fito ne daga rashin iska a lokacin naƙuda. Idan ƙasar da ke da motocin asibiti a kowace unguwa ta ga wannan rata, ba sai an yi mini dogon bayani ba game da abin da dare yake nufi ga matar da naƙuda ta kama a wani ƙauye na Dakoro, fiye da kilomita 100 daga Maraɗi.

Irin waɗannan jarirai su ne suka fi tsaya mini a rai. Ma'aikata suna bambanta tsakanin wanda aka haifa a cikin asibitin da wanda aka kawo daga waje, kuma ko ni da ba ni da ilimin aikin na iya bambanta su da ido. Na waje sukan iso da hantsi ko da azahar, daga wajajen Gidan Rumji ko Madarumfa ko Mayahi, a hannun kaka ko gwaggo, an naɗe su da zane, bayan an haife su cikin dare an jira gari ya waye, an bi ta ɗakin magani na ƙauye, an nemi kuɗin mota. Abin da ake fara yi musu shi ne auna zafin jiki, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5, kuma da yawa suna isowa a sanyaye. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, kuma idan ya yi sanyi yana ƙona ɗan sukarin da ke jininsa, numfashinsa ya ƙara lalacewa. A gadon da ke kusa da namu an kwantar da wani namiji wanda ya fi ɗiyarmu nauyi da kwanakin ciki, wanda aka haifa a gida cikin dare, aka yi masa wanka da asuba kamar yadda aka saba, aka ɗauko shi a kan babur cikin iskar hunturu. Uwarsa ba ta samu allurar huhu ba domin ba ta zo hannun kowa ba sai bayan haihuwa. An sa masa iska da ƙarin ruwa, an yi duk abin da aka yi wa tamu, amma bai kwana biyu ba. Kakarsa ta ce kwanansa ne ya ƙare, na amsa mata da addu'a kamar yadda ya kamata, kuma na yarda rai na Allah ne. Amma na ga jariran biyu gefe da gefe, kuma bambancin da idona ya iya gani tsakaninsu shi ne sa'o'in da suka wuce kafin kowannensu ya shigo ɗakin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jarirai miliyan 2 da dubu 300 ne suka mutu a cikin kwana 28 na farko a 2022, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na irin wannan mutuwa a makon farko take faruwa.

Tamu ta fara da iska ta siririn tiyo a hanci da ruwan sukari ta jijiya. Ba ta da ƙarfin tsotso, domin haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba ya daidaita sai wajen mako 34, saboda haka aka zura mata wani tiyon ta hanci zuwa ciki, uwarta na tatsar nono a ƙaramin kofi ana ɗura mata da sirinji kowace sa'a biyu ko uku, dare da rana. Nan ma an yi ja-in-ja, domin Inna ta so a zubar da dakashi a jira farin nono, kuma wata gwaggonmu ta zo da ruwan rubutu da dabino a ɓoye cikin mayafi. Majon sashen, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta yi musu magana da ladabi, ta ce: "Iya, wannan dakashin shi ne rigakafinta na farko, kuma hanjinta bai kai ya karɓi komai ba sai nonon uwarta. Ku shafa mata addu'ar a ka." Haka aka yi. Da shawara ta fito mata, jikinta ya yi rawaya, aka rufe mata ido aka kwantar da ita ƙarƙashin shuɗiyar fitila har ta washe.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ɗaukewar numfashi. Bakwaini yakan manta ya yi numfashi, ya yi tsit, leɓensa ya canza launi, kuma sai an taɓa tafin ƙafarsa ko an shafa bayansa sannan ya ci gaba. Ana ba su magani domin wannan, amma da dare idon mai jinya shi ne na'urar da ta fi tabbas. Ni da ƙanwata muka raba dare biyu, ɗaya na barci ɗaya na kallon ƙirjin yarinya. Idan wuta ta ɗauke, kafin injin asibiti ya tashi, na'urar da ke tace iska tana tsayawa, kwalbar ɗumin da ake kwantar da jarirai a ciki ta fara hucewa, kuma a wannan ɗan tsakani kowace uwa takan miƙe tsaye.

Da numfashinta ya daidaita aka mayar da mu goyon kangaru, wato a ɗora jaririya tsirara, sai hula da ɗan ƙyalle, a tsakanin nonon uwa, fata da fata, a ɗaure da zane, ta wuni ta kwana a haka. Wani likitan yara mai suna Edgar Rey ne ya fara wannan hanya a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, saboda kwalaben ɗumi sun yi musu kaɗan. Nan ma lokaci ya sake shigowa, domin binciken da aka yi a Ghana da Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya, wanda ya fito a 2021, ya nuna cewa fara goyon nan da nan bayan haihuwa, ga jariran da nauyinsu yake tsakanin kilo 1 da kilo 1.8, ya rage mutuwa da kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da jira sai sun daidaita, kuma a Nuwamba 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da hakan shawararta. Wannan yana bukatar ɗakin da uwa za ta kwanta tare da ɗanta alhali yana kan iska, abin da ba kowane asibiti yake da shi ba. Amma darasinsa ya shafi har kakar da za ta hau babur da jariri: da a ƙirjinta ta ɗaura shi a ƙarƙashin riga, ba a hannu cikin zane ba, da ya iso da ɗuminsa.

Mu matan Hausa a baya muke goyo, kuma goyon gaba ya zo wa ƙanwata da ciwon baya da rashin barci, domin a kishingiɗe ake kwana. Idan za ta yi wanka ko salla ni nake karɓa, daga baya har mijinta ya karɓa, bayan ya gama jin nauyin a gan shi. Wankan jego na ruwan zafi da ganye sai aka jinkirta, aka bar ta da kunun kanwa da abinci mai kyau domin nono. Ranar suna aka yi a gida ba uwa ba ɗiya, aka yanka rago, aka kawo mana namu kason a asibiti, kuma an roƙi wanzami ya haƙura da aski da cire beli, abin da ma'aikata suka gargaɗe mu a kansa da kakkausar murya.

Nauyin yarinyar ya ragu a makon farko, kamar yadda aka ce mana zai yi, sa'an nan ya fara hawa da 'yan giram a kowace safiya. An sallame mu bayan ta iya kama nono da kanta, zafin jikinta ya tsaya, kuma nauyinta ya yi ta ƙaruwa a jere, da sharaɗin a ci gaba da goyon a gida, a rage masu ɗaukarta, a riƙa dawo da ita awo, kuma a yi mata allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ɗigon shan-inna. An rubuta mana alamomin da za su dawo da mu ko da wace sa'a ce: ƙin nono, sanyin jiki ko zafinsa, nishi, jijjiga, da jan cibiya. Kafin mu bar asibiti mijin ƙanwata ya karɓi lambar masu adaidaita biyu da suka yarda a tashe su da dare, Inna kuma ta sa aka samo ma'aunin zafin jiki, ta ce in koya mata karanta shi.